Yadda ake sa wa jakar hannu na'urar bin sawu, fitila da caja

Ni tela ce a Makka, a Sharar Mansur na taso, kuma a nan nake ɗinki. Abaya ce sana'ata, amma a 'yan shekarun nan gyaran jaka ya shigo mini ta ƙofar baya. Wata gwaggona ce sila. Ta zo umara, ta ajiye jakarta a gefen tulunan zamzam za ta sha ruwa, aka tayar da salla, jama'a suka tura ta gaba. Da aka sallame ta kasa gane ko ta wace ƙofa ta shigo, balle inda ta ajiye jaka. Guzurinta, maganin hawan jininta da katin ɗakin otal duk suna ciki. Tana kuka tana ce mini, "'Yar nan, wallahi yanzu-yanzu tana hannuna." Tun daga ranar ba na barin baƙuwata ta fita Harami sai na shirya mata jakarta, har maƙwabta suka ji labari suka fara kawo nasu. Abin da na koya a kan jakunkuna masu yawa shi zan faɗa miki a nan.

Kafin ki sayi komai, ga yadda abin yake aiki. Na'urar bin sawu, wadda mu a gida muke kira kwandala saboda kamanninta, ba ta da layin waya kuma ba ta magana da tauraron ɗan adam. Siginar Bluetooth kawai take fitarwa. Wayoyin mutanen da ke wucewa kusa da ita, waɗanda ke kan tsari ɗaya da ita, su ne ke jin siginar, su aika wa wayarki inda suka ji ta, masu wayoyin ba su ma san an yi ba. Saboda haka inda jama'a suka yi yawa, kamar Harami, tashar jirgin ƙasa ta Haramain ko filin jirgin Jidda, aikinta yana da kyau ƙwarai. Inda babu kowa kuwa, sai dai ta nuna miki wuri na ƙarshe da wata waya ta gifta ta. Kuma jakar take nuna miki, ba abin da ke cikin jakar ba. Neman mukulli a ƙasan jaka aikin aljihu ne da haske, shi ya sa rabin wannan bayani ɗinki ne.

Kayan da za ki tanada

- Na'urar bin sawu guda 1, wadda ta dace da wayar mai jakar, da batirin CR2032 na ajiya, wato ƙaramin batir mai siffar kwabo
- Ƙaramar fitilar jaka mai batir
- Fawa banki mai 5,000 ko 10,000 mAh, da gajeriyar wayar caji, santimita 20 zuwa 30
- Yadin auduga mai haske, rabin mita
- Roba mai faɗin santimita 2, kamar rabin mita
- Allura, zare mai ƙarfi kalar shafin jakar, almakashi, reza, alli da tef ɗin awo
- Maɓallin dannawa guda 2 ko 3, da ƙugiyar mukulli guda 1

Keken ɗinki yana sauƙaƙa aikin aljihuna, amma ba dole ba ne. Duk abin da za a yi a jikin jakar kanta da hannu ake yin sa.

1. Fara da waya, kada ki fara da kasuwa

Nan aka fi yin asara. Mace ta ga ƙawarta da AirTag, ta je ta kashe fiye da riyal 100 ta saya, alhali wayarta Tecno ce. Ba zai haɗu da ita ba har abada.

Idan wayar iPhone ce, AirTag na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2021, shi ne nata, ko wata na'urar da aka rubuta a kwalinta cewa tana aiki da Find My, tsarin neman kaya na Apple. Idan Samsung Galaxy ce, akwai SmartTag2 da ya fito a 2023, ta manhajar SmartThings yake aiki, kuma ba ya karɓar wata waya sai ta Samsung. Idan kuwa Tecno ce, Infinix, Redmi ko makamantansu, waɗanda su ne a hannun yawancin baƙinmu daga Kano, Sakkwato da Damagaram, sai a nemi na'urar da ke aiki da tsarin Google. An buɗe shi a 2024 da sunan Find My Device, a 2025 aka mayar da shi Find Hub, saboda haka za ki iya ganin kowanne daga cikin sunayen biyu a kwali. Chipolo, Pebblebee da Moto Tag suna cikin masu yin irinta. Wayar sai ta kasance Android 9 ko sama. Sababbin wayoyin Huawei da ba su da manhajojin Google ba sa shiga wannan tsari.

Ki saya a inda za a ba ki rasit, kamar manyan shagunan Jarir ko eXtra. Idan a shagunan waya na Sharar Falasɗin a Jidda za ki saya, ki haɗa ta da wayarki a gaban mai shago kafin ki bar wurin. Ƙananan nan masu araha na shagunan kayan araha da ake kira abu-hamsa kuwa ba su da alaƙa da wayoyin jama'a. Ƙara kawai suke yi idan kina kusa. Suna da amfani a jikin mukullin gida, amma kada ki dogara da su wajen jaka.

Na hannu ma a yi hattara. AirTag da aka taɓa haɗawa da asusun wani yana nan a ɗaure da shi har sai shi da kansa ya cire shi.

2. Haɗa ta da waya, ki gwada, tun ba ki ɗauki allura ba

Kunna Bluetooth da intanet. Zare 'yar ledar da ta tare batirin, za ki ji ƙara. Kawo ta kusa da wayar. A iPhone da Samsung saƙo zai fito da kansa, a na Google yawanci sai kin danna maɓallin jikinta. Bi abin da wayar ta ce, ki ba ta suna. Ki sa suna mai ma'ana, kamar "Baƙar jakar Hajiya", domin ranar da suka zama uku a waya ɗaya za ki gode wa kanki.

Da asusun wa za a haɗa? Wannan tambayar ta fi ta ɗinkin muhimmanci. Asali da wayar mai jakar ake haɗawa. Amma wayar tana yawan zama a cikin jakar, idan jaka ta ɓata sun ɓata tare. Maganin wannan shi ne a raba ganin na'urar da wani amintacce, miji, ɗa ko abokiyar tafiya. A iPhone, tun daga manhajarta ta iOS 17, ana iya rabawa da mutum har 5. Tsarin Google ma yana bari a raba. A yi wannan a gida, a natse. Sannan mai jakar ta san kalmar sirrin asusunta, ko a rubuta a ajiye a wani wuri da ba jakar ba, domin da ita za a shiga ta wata wayar a duba.

Tsofaffinmu masu ƙaramar waya mai maɓalli kuwa, sai a haɗa da wayar wanda ya rako su. A nan akwai abin da lallai ki faɗa musu. An yi na'urorin nan da kariya don kada a bi sawun mutum a ɓoye. AirTag idan ya daɗe rabe da wayar mai shi, tsakanin awa 8 zuwa 24, yakan fara ƙara da kansa idan aka motsa shi, kuma wayoyin da ke tafiya tare da shi sukan nuna gargaɗi. Wata Hajiya da na shirya wa jaka ta tafi Madina, 'yarta mai wayar ta tsaya a Makka. Cikin dare ta ɗauki jakar za ta fita tahajjud, ta ji abu yana kuka a cikin shafi. Ta farke shi da reza, ta ga farin abu mai ƙyalli da ba ta sani ba, ta yi a'uziyya ta jefa shi a kwandon shara. Ba laifinta ba ne, ba a nuna mata ba. Yanzu sai na ɗora wa mai jaka na'urar a tafin hannu, na sa ta yi ƙara ta ji da kunnenta, na ce, "Iya, idan kin ji wannan kukan, naki ne, kada ki tsorata." Kuma ba na ɗinka ta a jakar wadda ba ta sani ba, ko wane ne ya kawo mini, ko nawa zai biya.

3. Juye jakar gaba ɗaya

Shimfiɗa zane, ki zazzage komai. Raba kashi uku: abin da hannu ke nema kullum, irin su waya, mukulli, katin banki da igama, wato katin zaman ƙasa, ko katin otal, abin da ake nema jefi-jefi, irin su magani, carbi, tabarau da turare, sai abin da ba shi da dalilin zama. Na ukun yakan fi yawa. Daga nan ki juyo shafin jakar waje idan yana juyuwa, ki kakkaɓe, ki duba inda ya yage.

4. Zaɓi mazaunin kwandala

Wurin da nake so shi ne can sama, a gefe, kusa da inda hannun jakar ya haɗu da jikinta, tsakanin shafi da fata. Daga nan ƙara tana fita, sigina ma tana fita, kuma mai laluben jaka ƙasa yake kai hannu, ba sama ba.

Kada ki sa ta a ƙasan jaka, inda kaya za su danne ta ƙarar ta mutu. Kada ki jingina ta da ƙarfen bakin jaka ko fawa banki. Mafi muni shi ne aljihun nan mai rufin alminiyam da ake yi don kare katin banki: yadda yake tare siginar kati haka yake raunana ta na'urar. Kafin ki yanke shawara, riƙe ta da fil a wurin da kika zaɓa, rufe jakar, kai ta wani ɗaki, ki sa ta yi ƙara daga waya. Idan ba ki ji sosai ba, sauya wuri.

5. Ɗinka mata gida

AirTag faɗinsa santimita 3.2 ne, kaurinsa bai kai santimita 1 ba. Yanka ƙyalle santimita 6 da 13. Naɗe gajerun bakunan biyu ki ɗinke, sannan ki ninka shi ya zama aljihu mai ɗan murfi, ki ɗinke gefe da gefe, ki sa maɓallin dannawa a murfin. SmartTag2 dogo ne, ya ɗan haura santimita 5, saboda haka nasa ƙyallen santimita 6 da 17. Kowace iri ce, auna ta, ki ƙara santimita 1 a kowane gefe. Ƙyallen ya zama marar kauri. Soso ko fata suna shanye ƙara.

Yanzu nemi ɗinkin shafin a cikin ƙaramin aljihun zif ɗin da yawancin jakunkuna ke da shi a ciki. Farke kamar santimita 6 da bakin reza, zare ɗaya bayan ɗaya, kada ki yanki yadin. Ta wannan ƙofa za ki tura gidan kwandalar zuwa bayan shafi, ki kai shi inda kika zaɓa, ki kama kusurwoyinsa huɗu da ƙananan ɗinki a jikin shafin. A jikin shafi kawai. Allura idan ta huda fata ko leda, ramin ba ya rufewa, kuma daga nan jakar ke fara tsagewa.

Ƙofar da kika farke kada ki ɗinke ta ɗinkin dindindin. Naɗe bakinta, ki sa mata maɓallin dannawa, ko ki yi mata ɗinkin tsalle mai sauƙin warwarewa, domin za ki dawo canjin batir. Na sha karɓar jakar da aka liƙe na'urar da gam a ciki, batir ya mutu, sai an ɓata shafin kafin a ciro ta.

Idan jakar ba ta da shafi, kamar jakunkunan yadi da ake raba wa alhazai, ɗinka gidan kai tsaye a kusurwar sama ta ciki, da ƙyalle kalar jakar. Idan kuma ba ki iya ɗinki sam, sa na'urar a cikin safar jariri, ki kama ta da babban fil a cikin aljihun zif. Bai kai ɗinki ba, amma ya fi a bar ta tana yawo.

6. Aljihunan ciki

Wannan shi ne matakin da na fi so, kuma shi ne wanda masu jaka suka fi dawowa suna yi mini godiya a kansa, fiye da na'urar. Ana ɗinka wata 'yar jaka marar murfi da za ta zauna a cikin babbar, a ciro ta a mayar da ita wata jakar idan an so.

Auna tsawo, faɗi da zurfin cikin jakar, ki rage santimita 2 a kowanne. Yanka ƙasa ɗaya da bango huɗu, kowanne ninki biyu don ya tsaya. Kafin ki haɗa su, ɗinka aljihunan a jikin bangon tun yana shimfiɗe. Kada ki yi awo da ka. Ɗora wayar kanta a kan yadin, ki zagaye ta da alli, ki ƙara santimita 1.5 a kowane gefe. Haka za ki yi wa gidan tabarau, fawa banki da kwalin magani. A bango ɗaya ki shimfiɗa roba, ki ɗinke ta a tazara daban-daban, ta riƙe biro, kwalbar turare, man leɓe da asuwaki a tsaye. A kusurwa ɗaya ki ɗinka igiya mai santimita 20 da ƙugiya a bakinta. Wannan ta mukulli ce: ki ja igiya, mukulli ya biyo.

Yadin ya zama mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai. Jakunkunanmu baƙaƙe ne, shafinsu baƙi, waya baƙa, gidan tabarau baƙi, ga abaya baƙa tana tare haske. Hasken cikin jaka kaɗai yana rage rabin lalube.

Aljihun katuna ya yi nesa da maganaɗisun bakin jaka, domin yana iya goge katin ɗakin otal mai baƙin layi a baya. Kuɗi kuwa kada su taru wuri guda. Na cefane a aljihun gaba, sauran a jikinki.

7. Fitila

Akwai ƙananan fitilun jaka masu kunna kansu idan hannu ya kusance su, su mutu bayan 'yan daƙiƙu. Rataya ta a sama, a gefen da ke kallon aljihunan, da gajeriyar igiya. Idan igiyar ta yi tsawo, fitilar za ta nutse cikin kaya ta yi ta kunnuwa har batir ya ƙare. Idan ba ki samu irin wannan ba, 'yar tocilan ta jikin mukulli ta wadatar.

8. Caja

Fawa banki ya samu aljihunsa shi kaɗai, a tsaye, bakinsa yana sama. Yi ƙofar maɓalli a bangon da ke tsakaninsa da aljihun waya, ki zura gajeriyar wayar caji ta nan. Doguwar waya ita ce ke naɗe carbi da mukulli. Kada kuɗin ƙarfe, fil ko mukulli su zauna tare da shi, kada gorar zamzam ta jingina da shi.

Zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne ga batir. A hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, cikin mota a rufe kuwa ya fi na waje. Kada ki bar jaka mai fawa banki a mota. Idan kina caji a cikin jaka, bar zif ɗin a ɗan buɗe, ki riƙa taɓawa. Wanda ya kumbura, ko yake zafi ba a amfani da shi, aikinsa ya ƙare.

A jirgin sama fawa banki ba ya shiga akwatin awo, a hannu ake riƙe shi. Iyakar ƙarfin batir da aka saba ita ce 100 Wh, mai 10,000 mAh kuwa 37 Wh ne, saboda haka yana ciki. Wasu kamfanonin sun hana caji da shi a cikin jirgi, ki tambaya kafin tafiya. Kwandala ita ba ta da wannan matsala, har a akwati ana sa ta.

9. Gwajin waje

Mayar da kaya, ki ba wani jakar ya tafi da ita kanti ko masallacin unguwa. Buɗe manhajar ki ga ko wurin ya sauya. Yakan ɗauki 'yan mintuna. Kunna sanarwar da ke faɗakar da ke idan kin yi nisa da jakar, in wayarki tana da ita, ki cire gidanki daga ciki don kada ta dame ki. Sannan ki koyi inda ake sanya na'urar a matsayin ɓatacciya, inda ake rubuta lambar waya. Rubuta ta da lambar ƙasa, +966 idan layin nan ne. Wanda ya tsinci AirTag zai iya kara farin gefensa a bayan wayarsa mai NFC, wato mai karanta abu idan an kara shi, ko Android ce, ya ga lambar. Duk da haka ki sa 'yar takarda mai lambar waya da sunan otal a aljihun gaba, domin yawancin masu tsintuwa ba su san da wata na'ura ba.

Ranar da jaka ta ɓata

Tsaya wuri ɗaya, ki duba taswira da lokacin da aka ga jakar na ƙarshe. Taswira ba ta nuna hawan bene. A Harami ko a dogayen otal-otal na Ajyad, ɗigon da ke nuna jakar a taswira zai iya zama daidai alhali jakar tana sama da ke ko ƙasa. Je ki wurin, ki bi hawa ɗaya bayan ɗaya har wayar ta ce ta haɗu da na'urar, sannan ki sa ta yi ƙara. Daga iPhone 11 zuwa sama, yawancinsu suna nuna kibiya da tazara idan an matso kusa. Cikin cunkoso ƙarar ba ta jiyuwa, kibiyar ta fi amfani.

Idan ɗigon ya tsaya cik a gefen Harami, tambayi ma'aikata ofishin kayan tsintuwa. Idan kuwa yana tafiya, ko ya shiga wani gida, kada ki bi shi ke kaɗai, kada ki tura yaro. Nuna wa askar, wato jami'in tsaro, wayarki, ko ki kira 911.

Batir

Na AirTag yakan kai shekara guda, na SmartTag2 ya fi haka, kuma waya za ta faɗa miki idan ya yi ƙasa. A AirTag, danna murfin ƙarfen, murɗa shi hagu, ɗora sabon batir gefen da ke da alamar + yana sama, sai kin ji ƙara sannan ki rufe. Wasu batiran an shafa musu abu mai ɗaci don kada yara su sa a baki, kuma wannan shafin yakan hana AirTag kamawa. Idan kin sa sabo bai yi ƙara ba, gwada wani iri kafin ki ce na'urar ta lalace.

Tsohon batirin ki naɗe shi da salatif, ki fitar da shi daga gida a ranar. Yaro idan ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. Ko zato kika yi, kada ki jira alama, kada ki sa shi amai, asibiti kai tsaye, ko ki kira motar agaji a 997.

Baƙuwar da za ta koma gida kuwa, kafin ta tafi ki zauna da ita ku sauya lambar da aka rubuta zuwa layinta na can, +234 ko +227, ki cire kanki daga masu ganin jakar idan ta so, ki sa mata batir ɗaya na ajiya a cikin kwalinsa, a akwati inda jikoki ba sa kaiwa. Ki kuma faɗa mata cewa a kasuwar Kwari ko filin jirgin Malam Aminu Kano na'urar za ta yi aiki kamar yadda ta saba, amma a ƙauyen da manyan wayoyi ba su da yawa, ɗigon zai iya kwana a wuri ɗaya bai motsa ba.